Ranar da Mai Albasa Ya Sake Zagina

Akuya ce ta kayar da ni a hanyar Yendi. Ina kan babur, na ɗauro doya, ta faɗo hanya kamar an aiko ta. Ita ta tashi ta karkaɗe jiki ta yi gaba, ni kuwa sai a asibiti na farka, kai a naɗe, ina tambayar wa ya kwashe mini doya.

Da na dawo gida Salaga ƙafa ta warke da wuri, kan ne ya ƙi. Sai in sa hula in tashi neman hula. Magana ta zo bakina ta tsaya cak. Akwai wata ma'aikaciyar lafiya, cikin masu bin gida-gida suna taimakon irinmu, da ke zuwa duk Laraba. Ran nan ta tambaye ni abin da na fi so in koma yi. Matata ta zaci zan ce kasuwa. Na ce dame.

Dame dara ce da muke bugawa a kan allo a gindin dalbejiya bayan la'asar. Dokarta ɗaya: wanda aka ci ya tashi daga benci, kuma da zagi ake raka shi. Shekara da shekaru wani mai albasa, mutumin Bawku, shi ke tayar da ni. Bakinsa ya fi hajarsa yaji. A bencin nan nake mutum, kuma tsorona kada a ce na fita daga sahu.

Ma'aikaciyar ta je da kanta ta roƙi 'yan damen su riƙa wasa da ni, su bi ni a hankali.

Ranar farko na ci. Kashegari na ci. Sati uku ba wanda ya tayar da ni. Na yanke hukunci cewa faɗuwar nan ta buɗe mini wata ƙofa a ƙwaƙwalwa. Na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa, har na ce wa matata in an ga akuyar nan a saya mata dusa.

“Maigida,” ta ce, “jiya fa a cikin firji na tsinci carbinka.”

Na ce hassada ce.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Ba ihu, ba buga allo, ba zagi. Mai albasa in na ci shi sai ya ce, “Sannu Alaji, Allah ya ƙara sauƙi.” Wata rana kaina ya juya, na ɗauki ɗansa maimakon nawa, na cinye 'ya'yana uku da hannuna. Ya dubi allo, ya dube ni.

“Kai, Alaji, wannan wasa ya yi kyau!” Ya tashi ya bar mini benci.

Nan na gane. Wallahi ya fi faɗuwar ciwo. Ashe sati uku jinyata ake yi, ni ina ta fankama. Na daina fita.

Ranar Laraba na faɗa wa ma'aikaciyar. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ja ni zuwa gindin bishiya.

“Na ce ku bi shi a hankali, ban ce ku goya shi ba,” ta ce musu. “In kan bai yi aiki ba, yaya za ya warke?”

Mai albasa ya naɗe hannun riga. Kafin in gyara zama ya share allon tas, yana buga 'ya'ya har benci na rawa.

“Tashi!” ya ce. “Mutum da akuya ya kada shi, shi za ya ci ni? Je ka kira akuyan, shi ya fi ka wasa!”

Kowa ya zuba mini ido. Na miƙe.

“Ba iyawa ba ce,” na ce, “warin albasa ne ke rufe wa mutane ido.”

Maganar ta fito tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu, karo na farko tun faɗuwata. Aka kwashe da shewa.

Na shiga gida ina share ido da hula. Matata ta taso a tsorace.

“An ci ni,” na ce. “Har da zagi.”

“Alhamdu lillahi,” ta ce, ta je ta zubo mini tuwo.