Malamar da Ta San Kukan Babur

Malama Shafa'atu ba ta taɓa tuƙa babur ba, amma in aka tayar da shi a bayan katanga za ta gaya maka na wane ne, har ta ƙara maka da abin da ke damunsa. Shekara goma sha tara ke nan tana auren Kabiru bakanike, wanda rumfarsa ke jingine da bangon ɗakinta a Funtua, don haka ko ba ta so kunnenta ya yi karatu. Tana tuƙa tuwo za ta ɗaga murya ta ce masa wannan fulogi ne, ya daina wahalar da kansa. Kabiru ya yi tsaki, ya duba, ya tarar fulogin ne.

'Yar Tsiga ce, ɗiyar wani manomin auduga da ya kafe sai ta yi karatu. Ta fito malamar Hausa, aka tura ta makarantar gwamnati ta Rafin Kanya, wani ƙauye da sai ka sauka daga titi ka ƙara tafiyar rabin awa a hanyar burji. Ba ta da tsayi, ba ta da faɗa, sai dai idonta ba ya barin yaro in ta ga ya yi shiru fiye da kima.

Shekara uku da suka wuce, ƙauyukan yamma suka fara watsewa saboda mutanen daji. Yara suka riƙa zuwa Rafin Kanya da iyayensu, wasu da rabin iyayen. Bayan shekara guda ne takarda ta iso cewa kowace makaranta ta tura malami ɗaya bita a kan lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai. Malamai maza suka tambaya ko akwai alawus. Da aka ce babu tabbas, sai kowa ya tuna yana da gona. Shafa'atu ce ta tafi.

Kwana biyar ta yi. Ta dawo da takardar shaida, da littafi mai shuɗin bango, da tabarma biyu, da alkawarin cewa kowane zango ƙwararru za su zo su duba yaran da abin ya fi ƙarfinta. Shugaban makaranta ya ba ta ɗakin da ake jibge karyayyun bencina. Yara suka raɗa masa ɗakin masu iska, abokan aiki kuma suka koma kiran ta likita, suna ƙunshe dariya. Ba ta kula su ba. Abin da ya fi cin ranta shi ne alkawarin nan. Zango shida tana buga waya, amsar ba ta canzawa: shirin yana nan daram, kuɗinsa ne ba su fito ba.

A Rafin Kanya babur ba abin wasa ba ne yanzu. Mutanen daji a kansa suke zuwa, da yawa, a jere, ba sa rage gudu. Saboda haka gari ya yi wa kansa doka: babura ba sa shigowa a ayari, kuma duk wanda ya iso gindin kanyar da ke bakin makaranta sai ya rage wuta ya wuce a hankali, a ga fuskarsa. Ba a rubuta dokar ko'ina ba, amma ko yaron goye ya san ta.

Mansura na cikin yaran da suka zo daga yamma. Shekararta goma sha huɗu, tana aji uku. Ranar da aka shiga ƙauyensu da hantsi ne, ita da mahaifiyarta suna wanki a rafi. Uwar ta ji ƙarar, ta ture ta, ta ce mata ta gudu. Ta gudu. Uwar ba a sake ganin ta ba har yau. Tun daga nan, in babur ya yi kuka, ko na mai kawo burodi ne, Mansura ba ta sanin lokacin da take fita ta taga. Sau uku ana tsinto ta a gonakin mutane. Na ƙarshen kututture ya tsaga mata ƙafa, kuma taku kaɗan ya rage ta faɗa tsohuwar rijiya.

Mahaifinta, Malam Sanda, wanda a da yake da gonarsa, yanzu kuma yake ƙwadago a ta wasu, ya ce ta zauna gida haka nan. Shafa'atu ta bi shi har zauren da aka ara masa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta roƙi zango ɗaya tak. Ta yi masa bayanin cewa ba iska ba ce, firgici ne, kuma ana samun sauƙinsa. Da ƙyar ya yarda.

"Ni ba na jayayya da masu ilimi, Malama," in ji shi. "Amma gudun nan da kike son raba ta da shi, shi ya bar min ita."

Ta ɗauki maganar a matsayin ta mutumin da ke cikin baƙin ciki, ta yi masa godiya ta tafi.

Littafin shuɗi ya ce yaro ya dafa wani abu mai ƙarfi, ya ja numfashi a hankali, ya lissafa abubuwan da yake gani. Shafa'atu ta yi duk wannan, sannan ta ƙara da nata, wanda ba a koya mata a bita ba. Ta zaunar da Mansura kusa da taga, duk babur ɗin da ya taso sai ta ce su saurara tare. Wannan na Mati ne mai kai madara, salansarsa ta fashe. Wancan na liman ne, sarƙarsa ta saki tana ƙwal-ƙwal. Wancan mai tari biyu kafin ya tashi na malamin lissafi ne, kuma ba zai taɓa gyara shi ba, don rowa. Ranar da ta faɗi haka Mansura ta yi dariya, dariyar farko da aka ji daga bakinta a makarantar.

Cikin mako shida yarinyar ta haddace babura goma sha ɗaya na garin. Kafaɗunta da kullum suke a ɗage suka sauka. Ta fara cin ɗan wake da sauran yara lokacin tara. Shafa'atu ta riƙa komawa gida da farin ciki irin wanda ta manta da shi, har Kabiru ya ce ashe sana'arsa ma magani ce, ba a taɓa gaya masa ba.

Wata rana Mansura ta tambaye ta, in ta ji wanda ba ta sani ba fa? Littafin ya ce babban abu shi ne yaro ya sami babban da zai yarda da shi. Shafa'atu ta kama hannayenta biyu.

"Ki zauna. Ki dafa tebur. Kada ki tashi sai na zo na ce ki tashi. Ina nan, ba inda za ni."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma da zuciya ɗaya yarinyar ta karɓa.

Damina ta ja baya. Dawa ta yi kai, ta kewaye makarantar ta gefe uku, ta fi dogon mutum tsawo, in iska ta kaɗa sai ka rantse wani ke tafiya a ciki. Labarai suka fara matsowa. Da ana ambaton garuruwan da sai an yi maka kwatance, yanzu ana ambaton inda ake zuwa cin kasuwa. Manoma suka daina kai yamma a gona. Kabiru ya ce mata kwanan nan wasu baƙi ke kawo masa babura marasa lamba, ba sa ciniki, ba sa zama a benci, ba sa amsa gaisuwa da kyau. Ya ce ta nemi canjin wurin aiki. Ta ce sai zango ya ƙare, tana da alkawari.

Sai ga waya, bayan shekara biyu: ƙwararru za su zo ranar Alhamis. Shafa'atu ta roƙi shugaban makaranta ya gaya musu su zo da mota, in kuwa babur ne to ɗaya bayan ɗaya, kuma su rage wuta a gindin kanya. Ya gaya wa wanda ya kira shi, shi kuma ya ce zai gaya wa wani. Abin da ba wanda ya sani a Rafin Kanya shi ne, kuɗin da suka fito ba su kai na mota ba, sai aka ɗauko 'yan acaɓa daga cikin gari, samarin da ba su taɓa taka hanyar ba. Aka kuma dawo da tafiyar zuwa ranar Laraba, don a haɗa makarantu biyu a rana ɗaya.

Larabar, wajen sha ɗaya na safe, tana ɗakin masu iska tana kakkaɓe tabarmi saboda baƙin gobe. Kunnenta ya riga ta ji. Ya ƙirga mata ba tare da ta sa shi ba: sun fi shida, sun fi takwas, babu na Mati, babu na liman, babu ko ɗaya da ta sani. Suka iso gindin kanya. Ba su rage wuta ba.

Ba za ta iya gaya maka yadda ta fita ba. Ta dai tsinci kanta kwance rubda ciki a cikin dawa, takalmi ƙafa ɗaya, ƙasa a bakinta, shugaban makaranta a tsugune gefenta yana salati ƙasa-ƙasa. Ko'ina karan dawa na karyewa, yara ɗari huɗu suna kutsawa ba mai kuka da ƙarfi, don an koya musu wannan ma a gida. A nan ta tuna da Mansura. Abin da ba za ta taɓa yafe wa kanta ba shi ne, ta tuna ɗin, kuma ba ta tashi ba. Ta ce wa ƙafafunta su tashi, suka ƙi. Tana nan kwance har ta ji muryar mace daga filin makaranta tana ta rafka sallama, tana cewa don Allah a fito, baƙi ne daga ofis.

Aji uku kamar an yi dambe a ciki. Bencina a kife, littattafai da silifa a warwatse. A layi na biyu kusa da taga Mansura na zaune ita kaɗai, tafukanta biyu a manne da tebur, idonta a rufe, leɓɓanta na motsi. Hijabinta ya jiƙe sharkaf da gumi. Shugabar baƙin, wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya mai suna Hajiya Asma'u, tana tsaye a bakin ƙofa, kunya ta hana ta shiga. Ta yi ta ba da haƙuri, ta ce wallahi ba wanda ya gaya musu. Wani daga cikin tawagar kuwa, da ya ji tarihin yarinyar, sai murna ta kama shi. Ya ce wannan ai ita ce shaidar da suke nema cewa shirin yana aiki, da irin wannan labarin ake samo kuɗin baɗi, har ya fara laluben wayarsa zai ɗauki hoto. Hajiya Asma'u ta dube shi sau ɗaya, ya mayar da ita aljihu.

Shafa'atu ta durƙusa a gaban teburin ta kira sunanta. Mansura ta buɗe ido.

"Malama, ban san ko ɗaya ba," ta ce. "Amma ban tashi ba."

Ba ta tambayi inda Malama ta je ba. Ba ta dubi ƙafar da ba takalmi ba, ko ganyen dawar da ke maƙale a mayafinta. Da ta tambaya ma da ya fi sauƙi.

Malam Sanda ya iso daga baya, da lauje a hannu, ƙaya ta yayyaga masa riga. Da ya ji ƙarar daga gonar da yake aiki, cikin dawa ya faɗa, inda ya saba tsinto 'yarsa. Ya yi ta birkita yaran mutane ɗaya bayan ɗaya, babu ita. Sai wani ya ce masa ai tana cikin aji, ba ta fito ba. Ya tsaya a ƙofa ya dubi ajin da ba kowa, ya dubi tagar da ke buɗe dab da kafaɗar Mansura, sannan ya dubi Shafa'atu. Bai ɗaga murya ba.

"Malama, da su ne fa?"

Ta nemi amsa a cikin kwana biyar ɗin bita, ta nema a cikin littafin shuɗi tun daga bango har bango. Babu. Waɗanda suka rubuta shi sun rubuta wa yaran da abin tsoronsu ya riga ya wuce ne, ba waɗanda nasu ke bayan gonar dawa yana jiran kaka ba.

Malam Sanda ya ce Allah ya saka mata da alheri, ya san ta yi don Allah. Ya kama hannun 'yarsa ya ce su tafi gida. Mansura ba ta motsa ba. Ya ja a hankali, ta ƙara danne teburin da ɗaya hannun, idonta a kan Malama. Sai a lokacin Shafa'atu ta gane abin da take jira.

"Tashi, Mansura."

Ta tashi. Uban ya ja ta suka fita. Sun kai baranda ta waiwayo, ta tambaya cikin natsuwar nan da aka sha wahalar mako goma kafin a same ta: in ta sake jin waɗanda ba ta sani ba, ta zauna ko ta gudu?

Shafa'atu ta dubi Malam Sanda. Ta dubi dawar da har yanzu yara ke fitowa daga cikinta ɗaya-ɗaya. Ta san abin da amsar za ta rushe, ta kuma san bakin da yarinyar ta fara jin kalmar daga gare shi, na mahaifiyarta a rafi.

"Ki gudu," ta ce. "Kada ki jira ni. Kada ki jira kowa."

Tana kallo kafaɗun nan suka ɗaga, suka koma inda suke ranar farko.

A bakin kanya 'yan acaɓa sun gaji da jira, rana ta yi zafi, kuma akwai makaranta ta biyu a gaba. Ɗaya ya taka nasa ya tashi, sauran suka bi. Mansura ta fizge hannunta daga na ubanta, ta tsallake baranda ta faɗa cikin dawa. Shafa'atu na tsaye da takalmi ƙafa ɗaya, ba ta kira ta ba.