Ƙofofin da Sista Bilkisu ta nuna mini

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga Sha'aban 1431, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Sista Bilkisu, mai ba da magani a ƙauyenmu, gabas da Suki a Sudan.

Inna Bilkisu, kin tafi da asirina na shekara shida, ko mijinki bai ji ba. Kakata Iya Mero tana fama da hawan jini. Ni kuwa, da yake miji take kirana, na soke ƙwayoyinta a jinka don ta roƙe ni da dabino. Sai aka kira mu noman riɗi a Abu Na'ama, na tafi, na manta. Bayan kwana biyar Iya ta faɗi gaban randa. Laifin ya hau kan Talatu, matar kawuna, wai ita ta share su.

Da na dawo, kallo ɗaya kika yi mini kika gane ni ne. Ba ki tsawata ba, kika ja ni bakin tur'a, hanyar ruwan gonaki, inda mai gadin ruwa yake murɗa ƙofa. Kika ce jijiyar jini ma hanyar ruwa ce, tsoka ta kewaye ta, kuma a jikin tsokar akwai ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan wani gishiri, kalsiyam, yake kwarara ciki. In ya yi yawa sai tsokar ta ɗaure, hanya ta ƙuntata, jini ya yi ta dukan bango. Ƙwayar takan zauna a bakin ƙofofin ta rage kwararar, jijiya ta saki.

“Kwana biyar ka bar mata ƙofofi a buɗe, ɗana.”

Ni da ilimina bai wuce allo ba, har yau in na kishingiɗa ƙarƙashin bishiyar bedi ina ganin Iya kamar gonar auduga, ruwa na ratsa ta a hankali, ke kina bin ƙofofin da farin mayafi.

Kin ce wajen Talatu zan nemi gafara, ba wajenki ba. Na yi ta cewa gobe. Jiya, bayan sadakar uku, na durƙusa gaban Iya da Talatu na faɗa. Iya ta ce dama ta san ta auri mugun miji. Talatu ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana tsintar wake, sannan ta ce, “Don mai rasuwar, na yafe.”

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya shayar da ke daga Alkausara. Malam Osman mijin marigayiya, da 'ya'yanta, Rabi'atu da ƙannenta, Allah Ya ba ku haƙuri.