Harsashin da Orval Bai Harba Ba

Mijin yayata, Orval Stensrud, shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu a ƙauyukan gundumarmu ta jihar Wyoming, amma ka tambaye shi sana'arsa, harbi zai ce maka. Harbin takarda kuwa. Duk Asabar yana filin gasa a bayan gari, kwance rub da ciki, yana huda takarda daga yadi dubu, ni ina gefe da madubin hangen nesa ina faɗa masa inda ya samu. Kofunan da ya ci sun cika kantar falo, har yayata Maxine ta fara ajiye allurai da maɓallai a cikinsu.

Ba ya sayen harsashi haɗaɗɗe, Allah ya kiyaye! A gareji yake haɗa abinsa, kwanso daban, albarushi daban, kan harsashi daban. Kowane kai sai ya hau sikeli, sannan ya ware su gurbi-gurbi a tandar gasa kek ta Maxine.

"Orval, ina tandata?"

"Tana bakin aiki."

"To ranar Lahadi ka ci dalma da kofi."

Maxine mahauciya ce. In kakar farauta ta kama, rabin garin ita suke kawo wa abin da suka harbo, ta feɗe, ta yanka, ta naɗe. Duk harsashin da wuƙarta ta ci karo da shi a cikin nama, takan wanke ta jefa a wata ƙatuwar kwalba. Orval bai taɓa kallon kwalbar nan sau biyu ba. Shi dai tun yana da ƙuruciya ya bar farautar manyan dabbobi, wai nama ba ya nuna wa mutum lambar da ya ci.

Abu ɗaya ne bai bari ba: ragon dutse. Takardar izinin harbinsa da ƙuri'a ake ba da ita, kuma wanda ya samu sau ɗaya ya gode wa Allah. Shekara ashirin da shida Orval yana sa sunansa. Da hannunsa ya riƙa kai wa wasu ambulan ɗin nan, ya yi musu murna da baki, ya dawo gida yana harbi da ƙafa. Sai da ya yi ritaya, gwiwoyi suka fara ƙara in zai tashi, sannan tasa ta iso.

Ranar ina gidan, muna cin abincin rana. Ya jera harsasai biyu a tebur kusa da kwanon miya. Ɗaya na gasa, dogo, siriri, mai siririyar rigar jan ƙarfe. Ɗaya na farauta, mai riga mai kauri, wanda in ya shiga nama yake buɗewa kamar lema ya ci gaba da tafiya.

"Dubi wannan, Lyle," ya ce da ni, yana ɗaga na gasar. "Biyar a rami ɗaya. Wancan kuwa, ɗan dako, ya wuce yadi ɗari huɗu sai ya fara yawon gari."

"Yawon gari nawa, ranka ya daɗe? Faɗin tafin hannu fa."

"Tafin hannunka. Ka ga girmansa?"

Maxine ta ce, "Takarda ba ta da ƙashi, tsoho. Naka in ya daki kafaɗa tarwatsewa yake yi."

"A littattafai..."

"Ni ba littafi nake yankawa ba."

Ya yi dariyar nan tasa ta wanda ya fi kowa sani. Ita kuwa ta tashi ta shiga ɗakin aikinta. Na ɗauka ƙatuwar kwalbar za ta kinkimo, sai ga ta da 'yar ƙarama, ta man shafawa. Ta juye ta a farantinsa. Ɓarɓashin jan ƙarfe ne da dalma, bai cika cokali ba.

"Ka tuna shekarar da aka haifi 'yarmu Karen? Ka dawo daga kwarin Beaver ka ce ka harbi elk, ƙatuwar barewar nan, ka kuskure."

Orval ya ajiye cokali.

"Bayan sati uku Clete Baumgartner ya kawo min wata daga kwarin nan. Da ƙafa uku ya same ta, duk ta rame, kafaɗar ta ruɓe. Wannan na ciro. A gundumar nan kaf mutum ɗaya ne yake harba irin wannan, kuma a tandata yake ware shi."

"Ba ki taɓa faɗa min ba."

"Kai ma ba ka taɓa faɗa min ba. Na ga ka rataye farautar da kanka, sai na bar ka."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Shekara arba'in na san mutumin nan. Tausayinsa ya kama ni, har na kasa tsokanarsa, abin da ban saba ba.

Washegari ya sa harsashin farauta a sikeli. Wata biyu yana gwada shi yana tsaki. A ƙarshe ya rubuta "400" a takarda ya manna a gindin bindiga, ya ce yadi ɗari huɗu ke nan, ko taku ɗaya ba zai ƙara ba.

Muka hau dutse a watan Oktoba. Kwana tara muna hawa muna sauka, wake na gwangwani ya fita raina har abada. Ranar ƙarshe ta izinin, da hantsi, sai ga shi a ƙetaren kwari, tsohon rago, ƙahonsa ya murɗe ya zagayo har gefen ido. Na auna nisa. Yadi ɗari bakwai da goma, iska ko ganye ba ta kaɗawa. A filin gasa Orval da atishawa a hanci ma zai iya wannan.

Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya zaro harsashin gasa guda ɗaya. Ashe munafukin ya taho da shi.

"Sa shi!" na ce ƙasa-ƙasa. "Orval, shekara ashirin da shida! Bayan kafaɗa za ka sa masa, ai ba ka kuskure."

"Wancan karon ma haka na ce."

Ya jujjuya shi a yatsa, ya miƙo min.

"Riƙe min. In na ce ka ba ni, kada ka ba ni."

Ya fara rarrafe. Tsoho ɗan sittin da takwas, gwiwa a kan tsakuwa har wando ya huje, bindiga a gadon baya. Awa ɗaya da rabi ina kallonsa ta madubi ina zaginsa a zuci. Ya kai yadi ɗari huɗu da sittin, saura ƙiris, sai iska ta juya. Ragon ya ɗaga kai, ya shinshina, ya taka a hankali ya haye tudu, ko waiwaye bai yi ba.

Har muka iso mota ina cika ina batsewa don haushi. A shagon kofi kuwa an samu na yi. Clete ya ce sarkin yadi dubu ya je dutse ya harbo wandonsa, gwiwa biyu, duk a tsakiya. Orval ya sha kofinsa ya bar su.

A gida Maxine ta dubi wandon, ta dube shi.

"Ina ragon?"

"Yana can da ƙafafunsa huɗu."

Na ciro harsashin daga aljihuna na dangwarar a tebur, na ba ta labari, har da ƙarin gishiri. Ta saurara har ƙarshe. Sai ta ɗauko 'yar kwalbar nan ta zubar da ɓarɓashin a shara, ta jefa harsashin a ciki, ta rufe. Ta je kantar falo ta ture babban kofinsa gefe, ta ajiye kwalbar a tsakiya.

"Cire wandon in ɗinke," ta ce. "Kuma ka dawo min da tandata."