Ƙodata Lafiya Lau, Ni Kuma Ina Kwance

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Waɗanda suka yi ta turo min saƙo ban amsa ba, ku yafe min. Kun san ni da kunya, ko a aji ban cika ɗaga hannu ba. Amma yau zan daure.

Abin ya fara ne bayan rasuwar Anti Hauwa, ƙanwar Ummana. Ciwon ƙoda ne. Mu 'yan Haɗeja ba sai an yi mana bayanin wannan ciwo ba. Ni na yi zaman jinyarta, na ga yadda ƙafafunta suka kumbura har silifa ya daina shiga.

Lokacin yankan shinkafa sai bayana ya fara ciwo, daidai wurin da take dafawa.

Daga nan jiri, bugun zuciya, kasala. Kullum ina danna yatsa a idon sawuna in ga ko zai lotsa. Ko ruwa na kai baki sai in ji kamar guba ce. A littattafan soyayyar da nake karantawa, in yarinya ta kwanta ciwo har kyau take ƙarawa. Ni ramewa na yi, na bar makaranta, na daina tsefe kai.

Baba ya kai ni asibiti. Layin kati, gwajin jini, gwajin fitsari, hoton ciki. Aka ce lafiya lau. Muka sake wani asibitin, har Kano muka je. Shinkafar da aka ajiye don ci a gida, ita Baba ya fitar kasuwa. Ko'ina magana ɗaya: ba a ga komai ba.

Wallahi duk lokacin da aka ce ba a ga komai ba, kuka nake yi. Ga ciwo yana cina, takarda kuma tana cewa ƙarya nake. Har yayana ya ce, "Ke dai Rukayya jarabawa kike gudu."

Ga kuma 'yan dubiya. An shimfiɗa min tabarma a ɗakin Umma, mata suna shiga suna fita. Gwaggo ta zo daga Auyo, ta ɗaga zanina ta duba ƙafa.

"Wayyo! Haka Hauwa ta fara. 'Yar maƙwabcinmu ma da aka ce lafiyarta lau, kafin kaka an yi sadakar uku."

Ba na iya cewa babba ya yi shiru. Sai in juya bango. Duk alamar da suka ambata, kafin gari ya waye na same ta a jikina. Na raba wa ƙawayena littattafaina, don na gama sallamawa.

Sai muka haɗu da wata likita. Ta karanta sakamakon duka, ta roƙi Baba da Umma su ɗan jira a waje, ta ce, "Wa kika rasa?"

Ba wanda ya taɓa tambayata. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ta ce, "Ciwonki gaskiya ne, ba ƙirƙira kike ba. Amma ba daga ƙoda yake ba. Tsoro ne ya sauka a jiki. Kina sa wa jikin ido, yana ƙara ciwo, ciwon yana ƙara tsoro."

Ta ce a daina yawon gwaji, in riƙa zuwa wurinta ita kaɗai a ranar da ta sa, ko da ciwo ko babu. Ta haɗa ni da mai ba da shawara, ya koya min sauke numfashi a hankali da barin danna ƙafa. Sannan ta kira Baba da Umma, ta ce a dakatar da dubiya.

Umma ta dafe ƙirji. "Likita, in kori dangi? Da wane ido zan kalle su?"

Ba ta kori kowa ba. Muna isa gida ta naɗe tabarmar. Da aka yi sallama ta miƙo min kofi. "Tashi ki kai wa gwaggonki ruwa."

Na tashi na kai. Gwaggo ta kalle ni ta ce, "Au, marar lafiyar ce ke ba mu ruwa?" Ranar hirar kuɗin taki aka yi.

Ban warke dare ɗaya ba. Har yanzu bayan yakan motsa in na ji labarin rasuwa. Amma na koma makaranta, ina cin tuwo, ina shan ruwa.

Alhamdulillah. Allah ya saka wa iyayena da likitata, ya jiƙan Anti Hauwa.

In jikinki na ciwo, ki je a gwada ki, kada ki zauna. In an ce lafiya amma kina shan wuya, ki faɗa wa likita abin da ke ranki, ko da murya na rawa.

Ku kuma masu zuwa dubiya, don Allah ku yi addu'a, ku bar labarin wanda ya mutu a bakin ƙofa. Wadda ta juya bango tana jin ku.