Hoton Makullan Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara ashirin da shida ya yi yana ɗaukar hoton cikin ƙarfe. In ka faɗa wa mutum haka sai ya ɗauka zolayarsa kake yi, amma sana'a ce, kuma da ita ya aurar da 'ya'ya huɗu. Idan masu walda suka haɗa bututun mai ko na gas, ko aka zubo wani ƙaton ƙarfe daga masana'anta, ido ba ya ganin abin da ke ciki. Walda tana iya yin sumul a waje kamar an lashe, cikinta kuwa rami ne ko tsaga. Aikin Kawu shi ne ya manna fim a bayan waldar, ya sako haske mai ratsa ƙarfe ta ɗaya gefen, fim ɗin ya tona asirin abin da ke ɓoye. Shi ya sa masu walda suka laƙaba masa suna Alƙali. Suna gaishe shi da fara'a, in ya ba da baya su ja tsaki. Ya sani sarai, kuma daɗi abin yake yi masa.

Shi ma da walda ya fara. Wani injiniya ne ya lura cewa yaron nan yakan kankare aikinsa da kansa ya sake tun ba a ce masa ba, sai ya tura shi kwas na wata shida. Ya dawo da takardar shaida a cikin leda, da kuma wani taurin kai wanda bai rabu da shi ba har tsufa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son surutu, ba ya son a taɓa masa kaya. A gida ma haka yake. Matarsa, wadda muke kira Inna, takan ce ko tabarma ta shimfiɗa sai ya zo ya duba ko ta karkace.

Ni kuwa shi ya kawo ni kamfanin bayan rasuwar mijina, da yara uku a hannuna. Ya sa ni a ɗakin duhu, inda ake wanke fim a ƙarƙashin jar fitila, ya koya mini aikin da faɗa da harara har na iya. Shekara tara duk fim ɗin da ya ɗauka ta hannuna yake bi kafin kowa ya gani.

Hasken nan daga wata 'yar ƙwaya yake fitowa, wadda ba ta wuce kan ashana ba. Tana zaune a cikin wata tukunyar ƙarfe mai nauyin tsiya. A gaban tukunyar ana ɗaura tiyo, a kai bakinsa jikin waldar. A bayanta akwai doguwar waya mai mariƙi. Mutum ya ja igiya ya kewaye wurin, ya koma nesa, ya juya mariƙin, waya ta tura ƙwayar ta bi tiyo har baki. In mintocin suka cika sai ya juya baya, ta koma gidanta. Abin da ya sa take da ban tsoro shi ne ba ta da wari, ba ta da zafi, ba ta da wani haske da ido zai gani. Kana iya riƙe ta a tafin hannunka tana cinka, kai kuwa kana tunanin abin da za ka saya a hanyar gida.

Abu biyu aka tanada don kare mutum. Akwai mita, wadda ake riƙewa duk lokacin da za a tunkari tiyon, in ƙwayar tana waje ta kama kuka. Akwai kuma baji da ake maƙalawa a ƙirji, duk wata a aika da shi a auna hasken da jiki ya sha. To a nan ne wautarmu take, kuma na ce wautarmu domin ni ma ina gani ina yin shiru. Duk wanda bajinsa ya haura ƙa'ida, cire shi ake yi daga fili wata uku, a ajiye shi a ofis yana jera fayil. Babu mai son wannan, don haka ranar da aiki ya yi yawa sai kowa ya zare bajinsa ya jefa a durowa, ya fita da ƙirji fayau. Mitar ma Kawu ya daɗe da raina ta. Cewa yake tana yi masa ƙara a kunne kamar jinjirin da aka yaye. Shi ƙirga juyi yake yi: juyi talatin da biyu ƙwaya ta fita, talatin da biyu ta dawo. Yana alfahari da cewa hannunsa ya fi kowace mita. Sabo turken wawa, amma wa ya isa ya faɗa wa Alƙali haka?

Ranar da abin ya faru ranar hutu ce, lokacin da fili yake zama babu kowa, wanda shi ne lokacin da aka fi son irin aikinmu. Doka ta ce mutum biyu ke fita tare, amma manaja ya tura abokin aikin Kawu wani wurin, ga kuma walda goma sha biyu da ake son sakamakonsu washegari. Kawu bai yi musu ba. Ya fita da hantsi, ya dawo wajen azahar da fim shida, ya ce in fara wanke waɗannan kafin ya ci abinci ya koma kan sauran. Da zai fita sai ya laluba aljihun wandonsa ya ciro wani guda, wanda ya ɗauka don ko-ta-kwana bai yi amfani da shi ba, ya ajiye mini a kan tebur.

Na farko da na biyu suka fito tas, ana ganin waldar da lambobin dalma da ake jerawa a gefe. Na uku ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na huɗu haka, na biyar haka, na shida haka. Na fara zargin ruwan wankin, na ce bari in gwada da sabon nan na aljihu, tunda bai ga haske ba dole ya fito fari. Na tsoma shi ina kallo a ƙarƙashin jar fitila, sai na ga yana rinewa shi ma. Da na ɗaga shi ya ɗiga, a tsakiyar baƙin nan ga hoton makullai uku da ɗan abin yanke farce, fari fes, har haƙoran makullan ana iya ƙirgawa. Na san su. Makullan gidan Kawu ne, waɗanda ke cikin aljihu ɗaya da fim ɗin.

Ba sai an yi mini bayani ba. Fim ɗin da ke aljihun mutum ba zai sha haske haka ba sai in mutumin ya tsaya dab da ƙwayar tana waje. Wayar ta dawo da juyinta talatin da biyu cif, amma ta dawo ita kaɗai. Ƙwayar ta ɓalle ta zauna a bakin tiyo, shi kuma ya yi ta zuwa yana kama bakin da hannun dama yana matsar da shi daga wannan walda zuwa waccan, har sau huɗu.

Na same shi a ƙarƙashin rumfa yana wanke hannu zai ci abinci. Na miƙa masa fim ɗin. Ya ɗaga shi sama ya daɗe yana kallo, irin kallon da yake yi wa aikin wasu. Sannan ya tashi ya buɗe mota ya ɗauko mitar daga ƙarƙashin kujera. Ya hana ni bin sa, amma daga inda na tsaya na ji lokacin da ta fara kuka, tun bai kai ga igiyar ba. Ya ɗauki sama da awa ɗaya yana fama da buhunan dalma da dogon awartaki kafin ya mayar da ita tukunya ya kulle. Da ya dawo rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Na ce mu tafi asibiti yanzu. Ya juya hannun gaba da baya, lafiyayye, babu ko ƙwarzane, ya ce me zai nuna musu? In aka rubuta rahoto za a karɓe takardarsa, kuma mutum mai shekarunsa ba ya dawowa. Ya ce shi ya san abin nan, in har ya taɓa shi zai nuna kafin mako biyu.

"Ki ba ni kwana goma sha huɗu, 'yar nan. In ba a ga komai ba, Allah Ya rufa asiri. Fim ɗin nan kuma ki yayyanka shi."

"Kawu, in kuma an gani fa?"

"In an gani ai an gani."

Na yi shiru, kuma wannan shirun nake jin haushinsa har gobe. Ban yi don na yarda da maganarsa ba. Na yi ne don ban taɓa ce masa a'a ba, kuma don na san in aka tono zancen baji a durowa, ni ma za a tambaye ni abin da na sani. Fim ɗin dai ban yanka ba, na tura shi bayan kwalaben ruwan wanki.

Washegari Inna ta ce mini bai iya cin abincin dare ba, ya yi amai sau biyu, tana jin wani abu ya ci a waje. Na ce ƙila. Bayan nan sai ya warware, ya koma aiki kamar babu abin da ya faru, sai dai yanzu mitar tana rataye a wuyansa, har abokin aikinsa yana tsokanarsa wai Alƙali ya tuba. Kullum da safe zai leƙo ɗakin duhu ya ɗaga mini hannun ya murza yatsu. Ni kuma ina ƙirga kwanaki a bayan ƙofa da fensir. Da aka kai kwana bakwai har na fara sakin jiki.

Ranar ta tara kofin shayi ya suɓuce masa, ya ce zafi ne ya yi yawa. Na taɓa kofin da aka sake zuba masa daga buta ɗaya, ɗumi ne kawai. Ranar ta goma bai ɗaga mini hannu ba, ya gaishe ni da ka. Ranar ta sha ɗaya na ga ya sa safar hannu a cikin ofis.

Ranar ta sha biyu ina shirya yara za su makaranta na ji sallamarsa a ƙofa, shi da bai taɓa zuwa gidana ba sai da dalili. Ya naɗe hannun da tawul. Da ya warware, babban yatsa da biyun da ke biye sun kumbura sun yi jawur suna sheƙi, fatar ta tashi da ruwa a ciki. Bai yi barci ba, idonsa ya nuna. Ya ce in zo in raka shi, ba ya son Inna ta gani tukuna.

A asibiti ya fara cewa ƙarfe mai zafi ne ya ƙone shi. Likitar ta dube shi ta dubi hannun, ta tambayi sana'arsa, daga nan zance ya ƙare, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta nemi bajinsa don a san yawan abin da ya sha. Aka aika aka ɗauko, aka auna, ya nuna mutumin nan bai kusanci komai ba duk watan. Sai da na koma na zaro fim ɗin daga bayan kwalabe, da shi masana suka yi lissafinsu. Likitar ta tambayi kwana nawa ke nan, na ce sha biyu. Ta ce ba za ta rantse da an zo ranar farko da an ceci hannun ba, amma da an samu abin gwadawa. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da na fi jin sauƙi.

Mako biyar ana wanki ana ɗauri, ciwon yana ƙara nitsewa ciki, har yatsun suka fara baƙi. Ranar da za a shiga da shi tiyata, da safe, hukuma ta aiko a rubuta yadda abin ya faru. Ba ya iya riƙe biro, don haka ya sa Inna ta je sayo ruwa, ya ce in zauna in rubuta. Ya faɗi komai bai rage ba: mitar da ke mota, bajin da ke durowa, ƙirgan juyi. Ya ce a rubuta cewa ba shi kaɗai ke ajiye baji ba, a je a buɗe durowar a gani. Sannan ya ce:

"Rubuta: mai wankin fim ba ta san komai ba sai ranar da na je gidanta."

"Kawu, na sani. Tun ranar farko na sani."

"Ni na ce ki yi shiru. Hannu ɗaya ya isa haka, ba sai an haɗa da abincin marayu ba. Rubuta."

Na rubuta, ina kuka ina rubutawa, aka kawo tawada ya dangwala da babban yatsan hagu. Ranar suka cire yatsu uku. Bayan wata huɗu ciwon ya sake tashi, suka yanke daga wuyan hannu.

Yanzu yana gida, ya koyi cin abinci da ɗaura agogo da taimakon haƙori, bai taɓa tayar mini da zancen ba ko sau ɗaya. Ni ina nan a ɗakin duhu. Duk ƙarshen mako nakan kai yara su gaishe shi, kuma duk zuwan da na yi sai Inna ta rako ni har bakin ƙofa ta kama hannuna, ta ce Allah Ya yi mini albarka, ba don na kai shi asibiti da wuri ba da yanzu wani zancen ake yi. Ni kuma sai in ce mata ba komai.