Linzamin da Dunoma Ya Ƙera

Kafin a tayar da sallar asuba Dunoma ya riga ya jiƙa dusa. Kwano biyu na dusar gero, ɗan guntun kanwa, ruwa mai ɗumi, ya dama da hannu har ta yi laushi kamar kunu. Sai ya ɗora harawa a kan guntun itace, ya yi ta sara da adda ƙanana-ƙanana. In ya dawo daga masallaci sai ya ɗauki daro ya ratsa lungu zuwa bargar gidan Alhaji Ɗan'auta. A can wani baƙin doki yake jiransa, ana kiransa Akawal, rabin harshensa babu. Shekara goma sha biyar Dunoma yana yin haka a garin Nguru.

Shi ba ɗan barga ba ne. Maƙeri ne, mutumin Gashuwa. Dawaki ne suka kawo shi Nguru yana saurayi, lokacin da ake koro su daga Machina da ƙauyukan Nijar. Yana ƙera likkafa da ƙaimi, amma da linzami aka san shi. Ba ya ƙera wa kowa sai ya ga dokin da idonsa. Zai dafa masa wuya, ya zura yatsu ta gefen baki inda babu haƙori, ya auna. Linzami yana da wani ƙarfe mai faɗi da ke kwanciya a kan harshen doki, in mahayi ya ja sai ƙarfen ya miƙe ya danna ganɗa, dole dabba ta tsaya. Tsawon ƙarfen nan shi ne dukan aikin. Yatsa biyu ga ƙaramin doki. Uku ga babba mai taurin kai. Huɗu kuwa Dunoma bai taɓa yi ba, mahaifinsa ma bai yi ba.

A shekarar 1993 Alhaji Ɗan'auta, attajirin ƙaro da busasshen kifi wanda kakanninsa suka zo daga Haɗeja, ya sayi Akawal don hawan angoncin babban ɗansa Ridwanu. Dokin ko shekara huɗu bai cika ba. Aka kira Dunoma, ya sa yatsu ya auna.

"Alhaji, bakinsa ɗanye ne. A ba ni wata uku in hore shi da ragama, igiya kawai a ka, ba ƙarfe. Bayan nan a yi masa mai biyu."

"Wata uku? Sati uku ya rage biki. So kake in ɗage aure saboda doki?" Alhaji ya yi dariya, mutanen zaure suka taya shi. "Ina so in yaron nan ya sako shi da gudu, ya tsaya cak a ƙofar gidan amarya. Yi masa mai huɗu, ya san da mutum a kansa."

"Biyu ne daidai da shi, ranka ya daɗe."

"Kai ne maƙeri, ni ne mai doki. In ba za ka iya ba, kasuwa cike take da maƙera."

Dunoma ya tashi. Ya koma ya hura wuta, ya ƙera, ya goge shi har yana sheƙi. Babu wanda ya riƙe masa hannu. Ya san abin da ƙarfen zai yi, kuma ya ƙera.

Ridwanu ya fi sabawa da sitiyarin motar ubansa a kan doki. Ranar hawan, ana dab da gidan amarya, wani abokin ango ya harba bindigar toka. Akawal ya firgita ya zabura. Ridwanu ya kama linzami da hannu biyu, ya kwanta baya da dukan nauyinsa. Dokin ya miƙe da ƙafa biyu, ya juya, ya faɗi. Ango ya tashi da ƙurjewa a gwiwar hannu, aka karkaɗe masa riga aka wuce da shi cikin gida. Akawal yana kwance a titi jini na zuba daga bakinsa. Dunoma ne ya kutsa cikin mutane ya yanke fatar linzamin da wuƙa, ya zaro ƙarfen. Guntun harshe ya biyo shi.

Ya ce wa matarsa Kellu kwana arba'in zai yi yana jinyar dabbar, daga nan ya wanke hannu. Ya yi ta wanke bakin da ruwan gishiri, yana shafa zuma, yana ɗura masa ruwan dusa da ludayi. Ciwo ya warke. Amma daga ranar Akawal bai sake yarda wani ya kai hannu kusa da kansa ba sai Dunoma. Ɗan bargar gidan ya gwada, dokin ya cije shi a kafaɗa, mutumin ya bar aiki. Abinci ma ba ya iya tattarawa da guntun harshe, sai an sare masa ƙanana an jiƙa.

"Kai ya sani," in ji Alhaji. "Ka riƙe shi. Gero da dusa daga gidana."

Aka rataye linzamin a ƙusa cikin barga. Dunoma ya dawo da maƙerarsa bakin lungun. Bai sake ƙera linzami ba. Fartanya, lauje, gyaran murhu, da su ya ci abinci. Masu neman kayan doki dama sun fara ja baya, babura sun cika gari.

A Gashuwa yana da gonar fadama a bakin kogi, gadon mahaifinsu, shi da ƙanensa Laminu. Tun da fari shirinsa shi ne ya yi 'yan shekaru a Nguru ya koma ya shuka shinkafa da barkono. Kellu ma 'yar can ce, danginta duk suna can. Laminu yana noma rabonsa, yana taɓa na Dunoma iyakar ƙarfinsa. Sai kacala ta shigo, doguwar ciyawar nan ta ruwa da ke cinye duk gonar da aka yi wa sake. Ba a kashe ta da magana. Sai mutum ya shiga ruwa har ƙugu da adda, kowace shekara.

Duk bayan girbi Laminu yakan zo da buhun shinkafa, ya zauna a kan kututture a maƙera.

"Ya Dunoma, ta ci gefen tsamiya."

"Baɗi ina nan tafe."

"Bara ma baɗi ka ce. Ko da dokin aka ɗaura muku aure ne, mu zo mu yi Allah sa albarka?"

Kellu daga bayan zana ta ce, "Tambaye shi dai. Ni dusa ma sai ta ragu nake samun ta kaji."

Dunoma ya ci gaba da bugun ƙarfe.

Sau ɗaya ya kwana a waje, a 1999, da gwaggonsa ta rasu a Gashuwa. Kwana biyu ya yi. Ya dawo ya tarar da daro cike, ƙuda sun rufe shi. Akawal bai ci ba, ya yi ta fizgar turke har igiya ta yanke masa ƙafa. Daga nan ko ta'aziyya ce sai ya bi motar safe ya dawo a ta yamma.

Alhaji Ɗan'auta ya rasu a 2002. Bayan an yi sadakar arba'in Dunoma ya sa rigarsa ta Juma'a ya je wajen Ridwanu, wanda yanzu shi ne maigida.

"Alhaji Ƙarami, alfarma na zo nema. Dokin nan ba a hawansa, ba ya yi muku komai. Ku bar ni in ja shi a ƙasa zuwa Gashuwa. Kwana uku mun isa. Zan riƙe shi a gona har ya mutu."

"Haba Baba Dunoma. Dokin Alhaji? A gan shi ana jansa daga gidan nan, gari ya ce ko kwana hamsin ba a yi ba mun kasa ciyar da dabbar ubanmu?"

"Ni ne dai nake ciyar da shi."

"Kuma mun gode. Amma ba zai fita ba." Ridwanu ya gyara hula, ya duba agogo. "In gajiya ka yi, faɗa mini. Masu tirela sun zo sun tambaya. A dare ɗaya za su ɗauke shi, babu wanda zai gani."

Dunoma ya san masu tirela. Suna lodin tsofaffin dawaki da jakuna su yi kudu da su, inda ake yankawa. Ya taɓa ganin ana tura wani gurgun doki kan katako da sanduna. Ya tashi, ya sa takalmi, ya koma ya sare harawar yamma.

Shekara shida suka ƙaru. Gwiwoyinsa suka fara ciwo. Furfura ta fito wa Akawal a saman ido, bayansa ya lotsa. Laminu ya daina tsokana. In ya zo sai ya ajiye buhu, ya faɗi inda kacala ta kai, ya sha ruwa ya tafi.

Da bazarar 2008 Akawal ya kwanta bai tashi ba. Dunoma ya zauna kusa da kansa tun hantsi har la'asar, yana kore masa ƙuda, har ya daina numfashi. Aka sa shi a amalanke aka kai bayan gari. Dunoma da kansa ya haƙa ramin.

Laminu ya aiko da saƙo ta hannun direba: saura ɗan zirin gona ɗaya ta wajen tudu, in an sare kafin ruwan farko za a shuka. Kellu ta raba tukwane ga maƙwabta, ta ɗaure tabarmi. Dunoma ya naɗe zugazugi, ya zuba guduma da awartaki a buhu. Mutum biyu suka taya shi ɗora uwar maƙera a bayan motar Gashuwa. Kellu ta shiga ta zauna. Saura fasinja uku mota ta cika, sai ya tuna ya bar daronsa a barga. Ya ce mata yanzu zai dawo.

A turken Akawal ya tarar da wani jan duƙushi, siriri, yana raba ido. Ridwanu yana tsaye yana kallonsa. Direbansa yana tsugune yana goge tsatsar wani ƙarfe da yashi. Ƙusar bango babu komai a kanta.

"Yawwa Baba Dunoma, gara da ka zo. Jiya aka kawo shi. Haisam ƙanena zai yi aure bayan Sallah, shi zai hau."

"Wancan ƙarfen fa?"

"Linzamin Alhaji ne. Aiki mai kyau, ko tsatsar ba ta ci shi ba."

"Kai ka ga abin da ya yi."

"Tsautsayi ne. Bindiga ce ta jawo."

Dunoma ya miƙa hannu, direban ya ba shi. Ya sa ƙarfen a aljihu.

Ridwanu ya yi murmushi. "Tafi da shi in kana so. Akwai irinsa a kasuwa, har wanda ya fi shi. Amma ga magana. Wata biyar ya rage biki. A da ka ce wa Alhaji wata uku kake nema. In za ka hore shi da igiyarka, ga shi nan, ba wanda zai sa masa ƙarfe. In kuma tafiya za ka yi, Allah ya kiyaye hanya."

Wata biyar, damina ce gaba ɗaya. Dunoma ya tsaya da daro a hannu. Sai ya ajiye shi, ya matsa a hankali ya dafa wuyan duƙushin, ya jira har ya daina rawar jiki. Ya zura yatsu ta gefen baki. Biyu. Ko biyun ma da ƙyar.

Da ya koma tasha mota ta cika, direba yana ta danna ham. Ya tsaya a bakin tagar Kellu.

"Ki yi gaba. Wata biyar ne."

Ta dubi hannunsa, ta ga yawun doki a yatsunsa. "Wancan ma kwana arba'in ka ce, Malam."

"Ki gaya wa Laminu ya sare abin da zai iya."

"Laminu bayansa ya ƙare. Kai ka sani." Ta ja mayafi ta juya fuska. "Direba, a sauke masa ƙarfensa mu tafi."

Aka sauke uwar maƙera a ƙasa. Mota ta tashi. A daminar nan kacala ta rufe zirin da ya saura.

An yi bikin Haisam, jan dokin ya yi tafiyarsa da ragamar igiya, ya tsaya inda aka ce ya tsaya, mutane suka yaba. Washegari Ridwanu ya ce ai tunda dabbar ta saba da hannun Baba, ba za a canja mata ba. Dunoma ya san ranar da ya bar bargar, ranar za a je kasuwa sayen ƙarfe. Da asuba ya jiƙa dusa.

Ni mai ba da labarin nan, na yi shekara da shekaru ina da rumfar facin taya a bakin lungun nan. Ranar da na kwashe kayana zan koma tashar Machina, a 2009, na leƙa barga in yi masa sallama. Jan dokin yana tsaye da harshensa cikakke, da haƙora masu iya tauna kara. Dunoma yana tsugune a gabansa, ya miƙe ƙafa ɗaya saboda gwiwa, harawa a kan guntun itace. Ya amsa sallamata bai ɗago ba. Yana sara ta da adda, ƙanana-ƙanana.