Na Kira Mijina Mashayi

A lokacin ina da 'ya'ya uku, muna zaune a wani ƙauye kusa da Wad Haddad. Mace ce ni mai kaifin harshe, ba na barin ta kwana. Maigidana manomin auduga ne mai shiru-shiru, shirun nan nasa kuwa ya daɗe yana ci mini rai.

Makonni kafin abin ya faru ya soma ramewa, ga shan ruwa ba ƙoshi, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa. Ban taɓa tambayarsa lafiya ba, sai mitar yana ƙarar mini da ruwan randa. Wata Talata da azahar ya dawo daga gona yana tangaɗi, ya yi amai a bakin ƙofa, ya riƙe ciki yana magana ba kan gado. Da na matsa kusa sai na ji wari mai zaƙi-zaƙi a bakinsa, kamar na ruɓaɓɓen dabino. Nan take na yanke cewa aragi ya sha, giyar dabinon nan. Na ɗaga murya har maƙwabta suka cika gidan, na kira shi mashayi a gaban 'ya'yansa. Da ƙyar yake rantsuwa bai taɓa kai ta baki ba, na ce ya rufe mini baki. Yayansa ya zo, ko dubansa bai yi ba, ya sheƙa masa bokitin ruwa, ya ce a bar shi a rumfa har giyar ta sake shi.

Sai bayan la'asar ƙanwarsa, wadda ke aikin ungozoma, ta shigo. Ta tarar yana jan numfashi mai zurfi da sauri-sauri, leɓɓansa sun bushe, idanu sun faɗa, ba ya amsa kira. Ta wanke mu tas, ta nemo motar da ta kai mu Wad Madani.

A asibiti aka huda masa yatsa, aka ga sukari ya hau sosai, aka kuma gwada fitsari da jini. Likita ya ce ciwon sukari ne da ba mu san da shi ba. Jikinsa ya kasa amfani da sukarin, ya koma ƙona kitse, hakan ya tara guba mai tsami a jini, ita ce warin da na ji. Ya tambaye ni tun yaushe yake haka, na faɗa masa kaina a ƙasa.

Da ƙarin ruwa da allurar insulin ya farfaɗo. Yayansa yanzu cewa yake ni na ruɗe shi. Maƙwabtan da suka taya ni ihu ko sannu ba su zo ba, kuma har yau akwai masu nuna shi da baki a masallaci. Ina jin haushinsu duka, amma wanda nake ji na kaina ya fi.

Idan wani naku ya haɗa ƙishirwa, amai, ciwon ciki da irin wannan numfashi da wari, ku bar zargi, ku ruga da shi asibiti. Likita ya ceto ransa a kwana uku. Sunan da na ɓata masa, har yau na kasa gyarawa.